Ƙofar da Na So In Huda a Bangon Gabas

Ku 'ya'yana, akwai maganar da na san kun taso kuna ji, cewa a shekarar da Inna ta kwanta ciwo, ƙanena Habu ne ya hana a yi mata ƙofa. Daga bakina maganar nan ta fara fita, kuma ban taɓa zaunar da ku na warware muku ita ba. Yanzu da idona ya fara rauni, gara in rubuta tun ina ganin layi.

Gidanmu na Karaye kun san shi. Kakan Baba ne ya gina shi da hannunsa, magini ne da ake aikowa a ɗauka har daga ƙasar Zazzau don ya ɗaure soro. Kafin mutum ya kai tsakar gida sai ya ratsa zaure uku, kowanne da ƙaramar ƙofa da dokin ƙofa mai tsayi kusan gwiwa. Muna yara ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba, tsalle muke yi mu wuce. Sai da Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi, sannan na san irin gidan da muke ciki. Likita ya ce a riƙa kawo ta gashin ƙashi sau biyu a mako. Duk ranar zuwa asibiti sai na nemo maza huɗu, mu ɗora ta a bargo, mu sunkuya, mu karkata, mu ɗaga ta sama a kowane dokin ƙofa. Matar da ko ɗankwalinta ba ta yarda ya zame a gaban surukai, ga ta a hannun maƙwabta kamar buhun gyaɗa. Rannan kanta ya bugi gefen ƙofa ta biyu. Ba ta yi kuka ba, ido kawai ta runtse. Na sayo keken guragu, ya ƙi shiga ko zauren farko. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da yin ritaya daga aikin malamin gona ba, ina ji da kaina, ina ganin babu matsalar da ba ta da mafita idan aka samu mai tunani. Na zagaya gidan na duba. Bayan ɗakin Inna akwai wani ɗan lungu, daga shi sai bangon gabas, tsohon bango mai zane wanda ya kalli titi. Idan aka huda ƙofa a nan, aka zuba siminti a lungun ya yi gangara, taku goma ne daga gadonta zuwa mota.

Wata Asabar da hantsi na kawo birkila. Ya ɗauki gawayi ya zana faɗin ƙofar a jikin bango, ya ɗaga diga. Bai kai ga sara ba sai ga mai unguwa ya ɓullo da sauri, babbar riga a kafaɗa, yana ɗaga hannu.

"Malam Sule, don Allah a dakata! Kada a sara!"

"Ranka ya daɗe, lafiya?"

"Lafiya lau. Amma bangon nan ba a taɓa shi sai da izini. Gidan nan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi."

"Wace rajista? Gidan ubana?"

"Uban naka ne ya sa hannu. Ina wurin."

Ashe shekarun baya, lokacin ina can wurin aiki, wasu ma'aikata sun zo daga Kano sun auna gidan, sun ɗauki hoto, Baba ya amince a sa shi cikin gidajen da ake kiyayewa. Ya rayu shekaru bayan haka, muna cin abinci a kwano ɗaya duk hutun da na zo, bai taɓa faɗa mini ba. Na sallami birkila, na koma ciki na zauna a kan turmi. Mahaifiyarku ta kawo mini ruwa ban iya sha ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, a ce ni da aka yanke wa cibi a gidan nan sai na je na roƙi wani baƙo kafin in taɓa bangonsa.

Ranar Litinin na yi sammako zuwa Kano. A ofishin aka haɗa ni da wata mai zanen gine-gine, Malama Rabi, wadda a haife na haife ta. Ta gaishe ni har ƙasa, ta ɗauko wani fayil ta buɗe a gabana. Sai ga Baba a tsaye a ƙofar zaurenmu, da rawaninsa, yana kallona daga cikin hoto. A ƙasan takardar ga sa hannunsa da ajami, irin wanda yake yi a bangon littattafansa. Na daɗe ina kallo.

"Baba, ba hana ku muke yi ba," in ji ta. "Gida ne na mutane, dole a zauna a cikinsa. Amma irin ginin nan idan aka huda shi ba daidai ba, damina ɗaya sai ya zauna. Ku kawo mana zanen abin da kuke so, da takardar likita, da amincewar duk magada. Sai mu zo mu gani da ido."

Na ce a raina wannan mai sauƙi ne, ni da na ƙare rayuwata cikin takardu. Na samo zane, na samo takardar likita. Ƙannena mata biyu na bi su gidajen aurensu, ɗaya a Kurugu ɗaya a cikin gari, suka sa hannu ba su ko karanta ba. Da na zo kan sunan Inna, ita ma tana cikin magada, sai na rubuta a gefe cewa ba ta iya magana, na sa hannu a madadinta. Ban ji komai ba a lokacin. Gani nake ai don ita ake yi.

Saura Habu. Ku manya kun san shi, ƙanana kuwa sai dai labari. Tun da ya yi aure ya koma Rogo Ruma, kan gonar da muka gada ta wajen dangin Inna, yana noman gyaɗa da masara, da 'yan shanunsa. Mutum ne da za ku yi tafiyar yini da shi bai yi magana goma ba. Duk Juma'a sai ya hau babur ya zo. Idan ya shiga ɗakin Inna yakan zauna a ƙasa, ya kara kunnensa kusa da bakinta, ya yi awa guda ko fi yana gyaɗa kai. Ni ina ganin ɓata lokaci ne, don abin da ke fitowa daga bakinta a kunnena gurnani ne kawai. Ni da nake gida ɗaya da ita, daga bakin ƙofa nake cewa, "Inna, ya jiki?" in wuce, ina sauri zan je in yi mata hidima. A wannan Juma'ar na tare shi a zaure da takarda da biro. Ya karanta a hankali, ya ce bari ya gaida Inna tukuna. Ya shiga, har aka kira la'asar bai fito ba. Da ya fito idonsa ya yi ja.

"Yaya, ba zan sa hannu ba."

"Me ka ce?"

"A nemi wani wurin. Ban da nan."

"Wane wurin? Ka taɓa kama bargon nan? Ka ga ranar da kanta ya bugu? Mene ne dalilinka?"

"Ba ni da dalilin da zan faɗa maka. Ka yi haƙuri."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Na aika da takardun haka nan, ina ganin ƙin mutum ɗaya ba zai tsayar da yardar mutum huɗu ba. Bayan mako uku Malama Rabi ta kira ni a waya ta ce an dakatar da batun, domin wasiƙa ta iso daga ɗaya daga cikin magada, ana roƙon kada a taɓa wurin. Ban tsaya jin sauran bayaninta ba. Na kashe wayar, na shiga motar Rogo.

Lokacin roron gyaɗa ne. Na same shi a ƙofar gidansa a gindin dalbejiya, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar, suna tsinke gyaɗa daga harawa. Suka taso da murna, ana shimfiɗa mini tabarma, ana "Sannu da zuwa Baba, ya hanya?" Ban amsa gaisuwar kowa ba. A tsaye na yi magana. Na ce ya kai ƙarata wurin hukuma saboda tulin ƙasa. Na ce ido yake sa wa gidan, yana jira ya yi daraja. Sannan na faɗi wadda ta fi duka muni, kuma zan rubuta ta yadda na faɗa, don kada wani ya sassauta mini.

"Duk ranar da ciwo ya tasar wa Inna aka kasa fito da ita a kan lokaci, ka sani kai ka kashe ta."

Matarsa ta dafe ƙirji. Babbar 'yarsa, Hauwa, ta saki kwaryar da ke hannunta. Shi kuwa bai ɗaga kai ba, gyaɗar da ke hannunsa yake ta murzawa. Can ya ce,

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Ka zauna ka sha ruwa."

Ban zauna ba. Da na dawo Karaye kuma ban yi shiru ba. Na faɗa a masallaci, na faɗa a majalisa, na faɗa a cikin gida kuna ji. Juma'a biyu Habu bai zo ba. Inna ta riƙa juya kai wajen ƙofa duk wanda ya yi sallama, ta ƙi cin abinci sosai, ni kuma na ce ciwon ne.

Ranar da ma'aikatan suka sa za su zo duba gida, sun aika wa duk magada. Habu ya zo, ya gaishe ni kamar babu abin da ya faru, ya koma gefe. Malama Rabi ta zagaya, ta ƙwanƙwasa bango, ta duba zanen gawayin da har lokacin yana nan. Sai ta ce tana son ganin mai wasiƙar. Na nuna mata Habu da baki.

"A'a, Baba. Shi rubutawa ya yi. Mai wasiƙar tana ciki."

Ta miƙo mini takardar. Rubutun Habu ne, layi huɗu kacal. Amma a ƙasa babu sa hannunsa. Dangwalen yatsa ne da shuɗin tawada, a gefensa an rubuta sunan Inna. Na dubi Habu, ya kau da kai.

Muka shiga ɗakin, ni da shi da Malama Rabi da mahaifiyarku. Malama Rabi ta durƙusa a gaban gado ta gaida Inna, ta tambaye ta ya jiki, ya ƙarfin hali, ta jira har Inna ta gama amsawa da irin amsarta. Sannan ta ce,

"Inna, ke kika sa a rubuto mana?"

Inna ta gyaɗa kai.

"Ba dole ba ne ki faɗi dalili. Haƙƙinki ne. Amma idan kin faɗa, zai taimaka mu nemo wata hanya."

Inna ta kalli rufin ɗaki. Sai ta ɗaga hannunta na hagu ta yafuto Habu. Ya matso ya kara kunne. Ta yi magana, ya girgiza kai. Ta sake yi da ƙarfi, har jijiyar wuyanta ta tashi. Ya ɗago ya ce,

"Ta ce ta sauke mini rantsuwar da ta sa na yi. Ta ce in faɗa."

Ya faɗa, gaɓa-gaɓa, tana yi yana maimaitawa, idonsa a ƙasa. A lungun nan na bayan ɗakinta, a gindin bangon gabas, daidai inda birkila ya zana, akwai kabari biyu. 'Ya'yanta ne. Ta farko mace, ba ta kai ranar suna ba. Na biyu namiji, ya yi wata huɗu, yana dariya, yana kama yatsa, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana biyu. A zamanin ba a kai jarirai maƙabarta, a cikin gida ake rufe su. Baba da kansa ya haƙa. Daga ranar kakarmu ta hana a sake tayar da zancen, ta ce yawan ambato yana tsorata mai ciki, kuma babu wanda ya sake tayarwa har duk waɗanda suka sani suka ƙare, ya rage ita kaɗai.

Na ce, "Inna, kafin ni?"

Ta gyaɗa kai. Shekara sittin da wani abu ina amsa sunan ɗan fari. Da shi nake yanke hukunci a gidan nan, da shi na sa hannu a madadinta. Na tuno yadda tun muna yara ba a zubar da ruwan wanki a lungun nan, ba a ɗaure akuya, kuma duk safiya ita take share shi da kanta, ba ta bar wa kowa. Mun ɗauka tsabta ce irin tata. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ta sake jawo rigar Habu. Ya saurara, sai ya ƙi maimaitawa. Na ce ya faɗa.

"Ta ce sunan yaron Sulaimanu."

Sunana. Sunan mahaifin Baba ne, aka sa wa wancan, da ya koma aka maimaita a kaina. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da nake, sai dai "kai wannan" ko "mai sunan Malam", kuma kowa ya ɗauka kunyar ɗan fari ce, har ina alfahari da ita. Na fita daga ɗakin ban san na fita ba. A lungun mahaifiyarku ta same ni a tsugune, ina kallon ƙasa shararriya wadda ba ta da wata alama ko ɗaya, wadda na yi niyyar zuba wa siminti in riƙa tura keke a kai.

Sau biyar na je Kano neman izini. Ɗakin Inna yana taku kaɗan daga nawa, ban shiga na tambaye ta ba ko sau ɗaya.

Malama Rabi ce ta samo mafita, a ranar. Ta zagaya bayan gida ta ga katangar arewa ba ta asali ba ce, ta taɓa faɗuwa aka sake ta da bulo, don haka ba ta cikin abin da ake kiyayewa. Hanyar ta fi tsawo, sai an ratsa tsakar gida an wuce rijiya, kuma ƙofar za ta buɗe ne a filin maƙwabcinmu. Mai unguwa ya yi masa magana, ya amince ba musu. Wannan karon na ɗauki zanen na shiga wurin Inna, na zauna a ƙasa, na nuna mata, na kara kunnena. Ban gane abin da ta ce ba. Na sake karawa. A karo na uku na ji "to". Takardar izini ta fito bayan wata ɗaya, da sharaɗin a goge gawayin bangon gabas a yi masa sabon yaɓe irin na da, kuma magini na gargajiya ne zai yi. Aka yi. Aka kuma ƙara a fayil ɗin gidan cewa akwai kabari biyu a wurin, don kada wani a bayanmu ya zo da diga.

Na koma Rogo Ruma ba da haƙuri. Na ce a tara mini duk waɗanda suka ji, a gindin itacen da na tsaya. Na faɗa a gabansu cewa na zalunci mahaifinsu, na yi masa ƙazafi, kuma amanar Inna ce ya riƙe. Habu ya ce,

"Haba Yaya, ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Matarsa ta ce amin. Hauwa ta tashi ta shige gida. Na faɗa a masallacinmu ma, amma waɗanda suka ji ta farkon sun fi waɗanda suka ji ta biyun yawa, kuma ta farkon ta fi daɗin ɗauka. Habu ya ci gaba da zuwa ranar Juma'a. Yana gaishe ni, yana tambayar iyali. Sai dai da can idan ya zo yakan cire hula ya kishingiɗa a zaurena mu ci abinci, wani lokacin ya kwana. Bayan wannan bai ƙara ba. Daga ɗakin Inna sai babur.

Inna ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni tana fita ta sabuwar ƙofa a kekenta, lulluɓe da mayafinta, mutum ɗaya yana turawa. Ta rasu wata Laraba da safe, bayan ta sha koko, a kan gadonta, babu wani gaggawar fita da ita. Aka yi jana'iza bayan azahar. Ni da Habu muka shiga kabarin muka karɓe ta, shi ta wajen kai. Ya zauna kwana uku ana karɓar gaisuwa, kullum da yamma ya koma Rogo, da safe ya dawo. A rana ta uku da aka shafa addu'a na raka shi inda ya ajiye babur. Na ce masa ɗakin Inna yana nan, nasa ne, duk lokacin da ya zo. Na ce kada rasuwarta ta sa ƙafarsa ta ɗauke. Ya ce in sha Allahu. Ya ɗaure buhunsa a baya, ya tayar da babur, sannan ya miƙo mini hannu biyu, irin yadda ake yi wa babban mutum a garin da ba naka ba.

"To Yaya, mun gode da karamci. A gaida mutanen gidan."

Na tsaya a bakin titi ina kallon bayansa har ya sha kwana.